Wa ya ci musu a teburin mai shayi?

A teburin mai shayin da nake zama a Tudun Wada, wanda ya fi ɗaga murya shi ke cin musu. Muƙabalolin da ake yaɗawa a Facebook ma haka suke: kowane ɓangare ya watse yana cewa "an kayar da shi", amma ka tambaya wace hujja ce ta faɗi, sai a hau kame-kame.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu leƙa aikin masana manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da hankali. A 1995 wani masanin kwamfuta, Phan Minh Dung, ya fito da tsari mai sauƙi har ya ba da mamaki. Bai kalli wanda ya yi magana ba, bai ma kalli abin da ke cikin hujjar ba. Abin da ya zana kawai shi ne wace hujja ke sukar wace. Hujja tana tsaye matuƙar duk wadda ta soke ta, ita ma wata tsayayyar hujja ta rushe ta.

Ga shi a aikace. Kawunka ya ce, "Kada ka sayi filin nan na Rigasa, ba shi da takarda." Dillali ya zaro takarda daga aljihu, maganar kawu ta faɗi. Sai maƙwabcin filin ya ce, "Alhaji, wannan takardar jabu ce." A lissafin Dung, maganar kawu ta sake miƙewa, ko da shi bai ƙara cewa uffan ba. A majalisarmu kuwa, tunda ya yi shiru, an gama da shi.

Kada wani ya ce wannan kayan Turawa ne. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi yana kare halaccin karanta manɗiƙi. Malaman zaure kuma sun daɗe da ƙa'idar cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Mu ne muka saki.

Tsarin yana da iyaka, ban musa ba. Ba zai gaya maka ko takardar da gaske jabu ce ba, wannan sai an taka zuwa ofishin filaye. Amma da masu shirya muhawara a gidajen rediyonmu za su ajiye allo, a riƙa rubuta wace magana aka soke, wace ce har yanzu ba a amsa ba, da masu tsallake tambaya sun rasa maɓoya.