Ɗan shekara 14 ba shi zai nema wa kansa aikin hutu ba

Da an shiga dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai ka ga yara 'yan shekara 13 zuwa 15 suna bin shaguna suna tambaya ko ana neman yaro. Yawancinsu haka suke komawa gida hannu rabbana, waɗanda aka ɗauka kuwa sau da yawa ba a rufa mako biyu ake rabuwa baram-baram. A ganina ba yaron ne ya kamata ya fita nema ba. Babba ne zai kama hannunsa ya kai shi, a zauna a yi magana kafin ya taɓa ko tsintsiyar shagon.

Mai shago a Kantin Kwari ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ba ya tambayar takardar makaranta. Tambayarsa ɗaya ce: ɗan wane ne? Yana son wanda zai kira idan kaya sun ɓata. Wannan kariya ce ga yaron ma, domin wanda kawunsa ya kawo ba a yi masa duka a kan zargi, sai an nemi kawun tukuna.

A wurin zaman ne iyaye suka fi yin sakaci. Maigida zai ce "ai ɗana ne, ba za mu ɓata ba", kunya ta hana uba ƙara magana, a tashi ba a yanke komai ba. Ya kamata a faɗi ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, ta yadda ba zai rasa Islamiyya ba. A faɗi wanda zai ɗauki kuɗin mota da na abincin rana, da ko kullum za a sallame shi ko ƙarshen mako. Sai babbar tambaya: idan ya fasa gilashin wayar wani ko ya ƙona shadda da dutsen guga, wa zai biya? In ba a yi wannan maganar ba, ranar da tsautsayi ya faɗa za a riƙe kuɗinsa na wata guda.

Doka ma ba ta yi shiru ba, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Sashe na 59 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda bai kai 14 ba, aikin yini kawai za a ba shi, a biya shi kullum, ya kwana a gidan iyayensa ko inda suka amince. Wanda bai kai 16 ba kuwa, ba a sa shi aikin inji, ba a tilasta masa wuce awa huɗu a jere, kuma ba ya wuce awa takwas a yini. Teloli su lura da wannan a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ake kwana ana ɗinkin Sallah.

Wane aiki? Wanda zai bar wa yaro wani abu a hannunsa bayan hutu ya ƙare. A wurin tela zai fara da yanke zare, sa maɓalli da guga. A wurin mai gyaran waya zai fara da manna gilashin kariya da sanin sunayen kayan gyara. Yaro mai ƙoƙari a lissafi zai iya koyar da 'yan firamare uku ko huɗu a zauren gidansu. Yarinya tana iya koyon kitso, lalle ko ɗinki wajen matar da uwarta ta sani, ko ta haɗa zobo da kunun aya a sayar a ƙofar gida, maimakon ɗaukar faranti zuwa tasha. Mai fili a gida zai iya gwada kajin gidan gona guda 20: cikin mako shida zuwa takwas sun isa yanka, amma sai da ɗumi a makonnin farko da rigakafi a kan lokaci, in ba haka ba cutar kaji ta Gumboro kaɗai ta isa ta kwashe jarin.

Akwai inda ba na ganin ya dace a kai shi ko nawa za a biya. Zaman POS na gaba-gaba. Kuɗi masu yawa ne a hannun ƙaramin yaro, 'yan damfara kuma irinsa suke nema da alat na bogi: a nuna masa saƙo a waya, ya ƙirga kuɗi ya miƙa, da yamma a ga babu abin da ya shigo, gibin ya dawo kan iyayensa. Haka walda ba tabarau, feshin maganin ciyawa a gona, sayar da magani a kemis, da tuƙin adaidaita sahu, wanda ko lasisi ba a bayarwa sai an cika 18. Aikin intanet da za a ce ya fara biyan kuɗin rajista kuwa, damfara ce kawai.

Tun ranar farko a sa ranar ajiye aikin, mako guda kafin a koma makaranta, a gaban maigida. Yaron da ya saba da kuɗin kullum a aljihu yana wuyar komawa aji, maigidan da ya samu hannu mai araha kuma ba zai ce ya tafi ba. Idan ana son ya ci gaba, a mayar da shi Asabar da Lahadi, a kuma duba sakamakon jarrabawar zangon farko kafin a ƙara masa ko da awa ɗaya.