Ku San Yadda Abin Ya Faro a Petrograd

'Yan'uwana matasa, musamman ku da juyin juya hali ba ya fita daga bakinku a Facebook, har wasu suka ɗaga tutar Rasha a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, don Allah ku nutsu ku san abin da ya faru a ƙasar da kuke ɗaga tutarta.

Hunturun farkon 1917 ya yi tsanani a Petrograd, babban birnin Rasha a wancan lokaci. Ƙanƙara ta toshe layin dogo, kawunan jirage suka lalace, masu sauran ƙarfi kuma suna jigilar sojoji da kayan yaƙin duniya na farko. Akwai alkama a ƙasar, hanyar kawo ta birni ce ta gagara. Kwal da itace suka yi wuya, gidajen burodi suka rage gashi. Mace ta wuni a masaƙa, ta kama layi tun cikin dare, ƙafafunta sun sandare, sai gari ya waye a ce mata burodi ya ƙare, ga yara a gida suna jira.

Ma'aikatan masana'antar Putilov suka shiga yajin aiki, aka garƙame musu ƙofa. Ranar 8 ga Maris matan masaƙun unguwar Vyborg suka fito suna neman burodi, cikin kwana biyu mutum fiye da 200,000 sun ajiye aiki. Lenin ma, jagoran 'yan gurguzu da ake kira Bolshevik, yana can Zurich a ƙasar Switzerland a lokacin. Sarki Nikolas na Biyu ya aiko daga Mogilev, hedikwatar sojojinsa, cewa a murƙushe tarzomar. Aka yi harbi, washegari sojojin da kansu suka koma bayan jama'a. Ranar 15 ga Maris sarkin ya sauka, sarautar gidan Romanov ta shekara 300 ta rushe.

Wanda Allah ya ɗora a kan wata kujera a cikinku, ko ya ba shi rumbun hatsi, ya ji tsoron Allah, kada ya raina kukan mai jin yunwa, kada ya ɓoye abinci yana jiran tsada.

Ku kuma masu zuga, ina roƙonku ku karanta labarin har ƙarshe kafin ku tura ɗan wani kan titi. Sarki ya tafi, yunwa ba ta bi shi ba. Gwamnatin riƙo ta ci gaba da yaƙi, 'yan Bolshevik suka kifar da ita a watan Nuwamba, yaƙin basasa ya ɓarke. A 1921 da 1922 yunwa ta kashe kusan mutum miliyan 5, yawancinsu manoman yankin kogin Volga.