Ba kowace rama ce ta yunwa ba, ba kuma kowane ciwon ciki ne basir ba

Jama'a, akwai mai cin tuwo sau uku a rana, da nama da madara, amma kullum ƙara zubewa yake yi. Mu kuwa amsarmu ɗaya ce: basir ne. A jiƙa masa sassaƙe, a sayo maganin ƙarin jini, in ya ƙi a koma sha-ka-fashe. Ni a ganina wannan ɗiban ruwa ne da kwando. Abincin yana shiga, hanji ne ba ya tsotsewa.

Ƙaramin hanji tsawonsa kusan mita 6 ne, kuma cikinsa kamar tawul yake, cike da 'yan tsiro ƙanana masu tsotse amfanin abinci. Farkonsa ne ke ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini, ƙarshensa ke ɗaukar bitamin B12. Kitse kuma ba ya shiga jiki sai ruwan matsarmama da na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, sun narkar da shi. In kitse ya wuce a banza, bitamin A, D, E da K sun bi shi, daga nan sai dundumi da ciwon ƙashi.

Shaida ta farko tana bayan gida, inda ba ma son dubawa. Kashi fari-fari, mai maiƙo, mai warin da ya fita daban, yana yawo a saman ruwa, a kora ya ƙi tafiya. Sai kumburin ciki da yawan tusa, tafin hannu ya yi fari, gefen baki ya tsage, harshe ya yi ja ya yi santsi, ƙafa ta kumbura ko ta riƙa yin kamar ana tsira allura. Gudawar da ta haura mako 2 ga yaro, ko mako 4 ga babba, ta wuce aikin kemis.

A wajenmu babban ɓarawo shi ne ruwa marar tsabta. Ƙwayar cutar jiyadiya, da ake sha a cikin irin wannan ruwa, tana lulluɓe farkon hanji ta hana shi aiki. Yaron da yake rarrafe cikin kashin kaji, ko ba ya gudawa, 'yan tsiron hanjinsa suna lanƙwashewa, sai ya tsumbure. Akwai kuma tarin fuka na hanji, da cutar ƙanjamau, da fankiriyas ɗin da giya ta cinye. Akwai waɗanda alkama ce ke ƙona musu hanji. Su burodi da taliya da alkaki sai haƙuri har abada, gero da dawa da shinkafa kuwa ba laifi. Amma kada a daina alkamar kafin gwajin jini, domin sakamakon zai fito wankakke alhali cutar tana nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda muke jawo wa kanmu. Mace mai ciki ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shayi mai kauri da madara, sannan a ce maganin ba ya aiki. Ganyen shayi yana ɗaure sinadarin ƙarfe, madara da maganin gyambon ciki irin mai alli ma haka. A ba shayi tazarar awa 1 bayan abinci, mai allin awa 2, a kora ƙwayar da ruwan lemo ko na kuka. Gero da dawa ma suna da sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinki. Jiƙo da tsimawa irin na kamu suna rage shi, ashe iyayenmu mata ba a banza suke barin gasara ta yi tsami ba. Mai shan maganin gyambon ciki na omeprazole shekara da shekaru, da mai ciwon suga da ke kan metformin, su nemi a auna musu B12.

Magani kuwa sai an san sanadi: gwajin kashi, gwajin jini, wani lokaci a zura na'ura a ɗebo ɗan naman hanji. Jiyadiya tana jin metronidazole na kwana 5 zuwa 7, in likita ya rubuta. Tsutsar ciki, albendazole miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara 2. Yaro mai gudawa, ruwan gishiri da suga na ORS, da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma kada a janye masa nono ko abinci. In madarar gwangwani ta riƙa tayar masa da ciki bayan gudawar, wannan na ɗan lokaci ne. Kindirmo ya fi sauƙin narkewa.

Sha-ka-fashe kuwa, galibi akwai dexamethasone a ciki, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi. Fuska ta cika, ciki ya fito, a ce an murmure, alhali suga ya hau, ƙashi yana zagwanyewa, hanjin kuma yana nan yadda aka bar shi.