Tausayin da ke cutar da ɗalibai makafi a makarantar kwana

Yaro mai gani ba a zaunar da shi a koya masa zuba ruwa a kofi. Kallon manya yake yi, wata rana sai a ga ya iya. Makaho ba shi da wannan gatan: abin da ba a ɗora hannunsa a kai ba, bai san shi ba. Shi ya sa a 1996 Phil Hatlen, wani masanin ilimin makafi a Amurka, ya kafa hujjar cewa kula da kai da iya zirga-zirga darussa ne kamar lissafi, dole a koyar da su da gangan. A makarantar kwana, ajin wannan darasi shi ne ɗakin kwana, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Matsalar takan fara da safe. Ƙararrawa ta kusa, mai kula da ɗaki na da yara da yawa, sai ta ɗaure wa wannan takalmi, ta matsa wa wancan man goge baki. Niyyarta alheri ce. Amma yaron da ake yi wa haka shekara shida zai fita da takardar shaida, ya kasa ware rigarsa daga ta wani.

Alhali dabarun ba su da tsada. Ana ɗinka ƙullin zare a cikin wuyan riga, ƙulli ɗaya na farar riga, biyu na baƙa. Ana haɗa safa da fil kafin wanki don kada su rabu. In ruwa mai sanyi ne, ɗalibi ya lanƙwasa yatsa a bakin kofi, ya tsaya da zarar ruwan ya taɓa shi. In mai zafi ne, akwai 'yar na'urar da ake ratayawa, tana ƙara idan ya kusa cika. Malamai na son kwatanta abinci a faranti da fuskar agogo, wannan a ƙarfe shida, wancan a sha biyu, sai dai suna manta cewa wanda aka haifa makaho wataƙila bai taɓa shafa agogo ba. A fara ba shi agogon ya shafa.

Yadda ake koyarwar ma abin lura ne. Malami ya tsaya a bayan ɗalibi don kada dama da hagu su juye, ya sa hannunsa a ƙarƙashin na yaron, yaron na bin motsinsa. Fisgar hannu a tura shi kan abu yana sa yaro ƙin taɓa komai.

Sai sanda. Salon da Richard Hoover ya tsara wa sojojin Amurka da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu shi ake bi har yau: sanda ta kai ƙirji, hannu a tsakiyar jiki, ana kaɗa ta daga wuyan hannu, faɗin ya ɗan wuce kafaɗu. Idan ƙafar hagu ta yi gaba, sanda ta taɓa dama, wato inda ƙafa ta gaba za ta sauka. Duk wannan horo bokiti ɗaya da aka bari a baranda zai rusa shi. Ƙofa ko a rufe ruf ko a buɗe ta gaba ɗaya, domin wadda aka bari rabi sanda kan wuce ta gefenta, goshi ya same ta. Kuma kada mai shara ya matsar da gado bai faɗa ba.

A ganina, mayar da masu ɗan sauran gani 'yan jagorar abokansu kuskure ne babba. Ɗaya ya zama bawa, ɗaya ya daina koyon hanya.

Hukumar makaranta ta ƙara rabin awa a jadawalin safe, ta horar da masu kula da ɗaki kamar yadda take horar da malaman aji, ta buɗe wa kowane ɗalibi takardar abin da ya iya yi shi kaɗai. A ba iyaye kwafinta lokacin hutu, don sau da yawa a gida ne ake karɓe masa sabulu a ce ya zauna a yi masa.