Sakkwato na da ranar da ya kamata ta tuna: 15 ga Maris

Kowace 15 ga Janairu gwamnati kan tara manya a Sakkwato domin tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki tantabaru, tsofaffin sojoji su jeru da lambobinsu a ƙirji. Ba ni da ja da wannan. Ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ita ce kuma ranar da aka kashe Sardauna a 1966, don haka ta shafi Basakkwace. Sai dai biki ne iri ɗaya a duk jihohi, wanda za a iya ɗauke shi a kai Legas ba tare da an canza ko kalma guda ba. Alhali garin nan yana da tasa rana, wadda ke wucewa shiru.

A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta iso bakin ganuwar Sakkwato, bayan ta ci Kano a watan Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da jama'arsa, yawancinsu da takobi da mashi da kwari da baka, gaban mashinga da igwa. Faɗan bai daɗe ba. Amma waɗanda ke kewaye da tuta sun ƙi gusawa, in wani ya faɗi wani ya ɗauka, har aka ƙare da su a wurin. Shi ne yaƙin Giginya. Yau muna da barikin Giginya da filin wasa na Giginya, amma a tare yaro ɗan sakandare a tambaye shi dalilin sunan, a ji amsar da zai bayar.

Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa suka bi shi suna barin gonakinsu, har aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da sauran jama'a. Shi kuwa Waziri Buhari ya dawo gari ya yi sulhu da Turawa bisa shawarar malamai, don kada a bar musulmi ba jagora. A ganina duk su biyun sun cancanci a karantar da hujjarsu. Tarihin da ya ɗauki ɗaya ya zubar da ɗaya kirari ne kawai, kuma kirari aikin maroƙa ne.

Na san abin da ke sa wasu ɗari-ɗari. Sojojin da suka buɗe wuta a Giginya galibinsu baƙaƙen fata ne, da Hausawa da yawa a ciki, kuma daga wannan runduna ce sojan Najeriya ya samo asali. Ga kuma Satiru a 1906, inda aka shafe ƙauye guda bayan tawayen talakawa, da goyon bayan fada. Sai a ce kada a tono abin da ya kwanta. To, ai ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Sarkin Musulmi na yanzu, Alhaji Sa'ad Abubakar, jinin Shehu ne kuma Birgediya Janar ne mai ritaya. In akwai wanda zai iya tsayawa tsakanin tarihin nan biyu ba tare da an zarge shi ba, shi ne.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin fareti ba. Gidan tarihi na Waziri Junaidu da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tattara sunaye tun akwai tsofaffin da za a tambaya: na Giginya da Burmi, na sojojinmu da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Burma, na yaƙin basasa, da na samarin da ke rasa rayukansu yanzu a Isa da Sabon Birni da Tangaza. A kafa allo a rubuta su da boko da ajami. Ran 15 ga Maris a kai 'yan makaranta su karanta, a yi addu'a, a gayyato matan mamatan baya-bayan nan a tambaye su ko an biya su haƙƙin mazajensu.