Goge tsohon kwabo ya yi ƙyalli ɓarna ce, ɓoye wa mai saye kuma algus ne

A kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda ake ce wa Jakande, masu rumfuna da yawa 'yan uwanmu ne 'yan Arewa, kuma kusan kowane tebur za ka ga ɗan kwano a gefen duwatsun wuya da kayan tagulla cike da tsoffin silalla: anini, kwabo mai huji, taro, sisi, sule mai bishiyar kwakwar manja, wani sa'in har liyari, wato babban kuɗin azurfar nan mai hoton Maria Theresa. Duk suna ɗaukar ido, don an bi su da man goge ƙarfe na Brasso ko toka da lemon tsami. Ni dai ra'ayina wannan gugar asara ce ga ɗan kasuwa tun kafin ma a zo maganar halal da haram.

Ga dalili. Lokacin da injin ya buga tsabar kuɗi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke sa in ka juya sabon kuɗi a haske sai ka ga hasken yana zagayawa a kansa. Wannan sheƙin na asali sau ɗaya ake yin sa, in ka goge shi ya tafi ke nan har abada, abin da zai maye gurbinsa wani ƙyalli ne shafaffe wanda ko ta ina ka juya iri ɗaya ne. Masu tara tsoffin kuɗi wancan na farkon suke biya wa kuɗi, har da duhun da shekaru suka ɗora a kai. Kamfanonin tantancewa na Amurka irin su PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70, amma da sun ga alamar guga ba sa ba da lamba ma sam, sai su rubuta a jikin robar da suke rufe kuɗin a ciki cewa an goge, shi ke nan farashi ya faɗi.

Kuma ganewa ba wuya fa. Kunna tocilan wayarka, ɗauko gilashin nan na masu gyaran agogo, ka karkata kuɗin a hankali. Wanda aka goga za ka ga ƙananan zane-zane sun jeru sun nufi waje ɗaya, sun hau kan rubutu da kan hoton sarki ba ruwansu. Duba lungun haruffa da cikin lambobin shekara, nan tsumma ba ya kaiwa, sai ka ga fili fes amma kewayen haruffa baƙi ƙirin, wani lokacin har da ɓurɓushin farin man gugar da ya bushe. Na jan ƙarfe kuma, irin kwabon 1959 ko kobo ɗaya na 1973, in ya sha tsami launinsa yakan koma wani ja-ja fayau wanda bai yi kama da tsohon abu ba. Babbar alama dai ita ce hankali: kan Sarki Joji ya suɗe, gashinsa ya shafe saboda yawo a hannun mutane, amma kuɗin na walƙiya kamar yau ya fito? Tsohuwa ce ta sha jan baki.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Iskar Legas akwai laima da gishirin teku, jan ƙarfe in ka ajiye shi damina ɗaya sai ya fara kore, musamman in a leda mai laushi aka ƙulle shi. Sannan yawancin kwastomomi ba masana ba ne, ɗan yawon buɗe ido ne ke neman tsaraba ko hajiya ce ke son a yi mata sarƙa da liyari, su kam mai ƙyalli suke ɗauka. To, wannan ciniki ne na ado, a sayar da shi a matsayin ado da kuɗin ado, babu mai cewa komai. Matsalar tana farawa ne a lokacin da mai saye ya tambaya, Alhaji haka yake tun asali? sai a ce masa wallahi ko taɓa shi ba a yi ba. Ko a ɗauki hoto da fitila mai ƙarfi a tura ta WhatsApp yadda zanen ba zai fito ba. Hadisin nan kowa ya san shi, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Aibin da ka sani wajibi ne ka faɗa, ko da ba kai ka goge ba, ko haka ka sayo shi daga Kurmi.

Abin takaicin ma shi ne kayan nan suna da labarin da ya isa ya sayar da su ba tare da ƙarya ba. Anini na farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, ga rubutun Larabci a jiki. Sulen da aka fara bugawa a 1913 azurfa ne, daga 1920 aka koma tagulla. Ƙaramin harafin H ko KN da ke jikin wasu yana nuna masana'antar da ta buga su a Birmingham ta Ingila. Ɗan kasuwar da ya san waɗannan ya fi mai tsumma samun kwastoma mai dawowa.

Sai dai labarin ma a faɗe shi daidai. Kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya yi murabus bai cika shekara ba, an buga shi da yawan gaske, ba abin a kira wa mutum miliyoyi ba ne. Liyari kuma duk wanda aka sake bugawa 1780 ake rubuta masa, har wanda aka buga a ƙarni na 20, don haka shekarar da ke jiki ba ta nuna tsufansa. Wanda ke da kaya a kwano yanzu, ya ware gogaggun gefe guda da farashinsu, sauran ya sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda a wuri busasshe, in zai ɗauka ya kama ta baki.