Bikin zane-zanen Dakar da namu na Argungu

Na gode da wannan labari kan bikin baje kolin zane-zane na Dakar, wanda ake kira Dak'Art. Sai dai, malam marubuci, ka ce tun farko bikin masu zane ne. A gyara. A 1990 da aka fara shi, na adabi ne, marubuta aka tara. Sai a 1992 zane da sassaƙa suka shigo, daga 1996 kuma ya tsaya kan fasahar zamani ta 'yan Afirka, duk bayan shekara biyu. Babbar kyautarsa ma sunan Senghor take ɗauke da shi, shugaban Senegal na farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne naci. Korona ta hana na 2020, suka dawo a 2022. Na 2024 an ɗaga daga Mayu zuwa Nuwamba, amma an yi. Tsohon ginin kotu da aka yi watsi da shi suka mayar zauren nune-nune, ga ƙananan nune-nune barkatai a unguwanni, kowa da nasa.

Ni ɗan Argungu ne, shi ya sa abin ya taɓa ni. Bikin kamun kifinmu tun 1934 yake, ya girmi na Dakar nesa ba kusa ba, UNESCO ta karrama shi a 2016. Amma baƙo ya kalli kamun kifi a kogin Matan Fada ya tafi, bai ga aikin masaƙanmu da masu sassaƙar ƙwarya ba, balle yaranmu masu zane. Don Allah a ware musu zaure a Gidan Tarihin Kanta a makon bikin, da sunan kowa a jikin aikinsa.